Buhun da Babu Toka a Cikinsa

Aikin farko da na samu bayan na ƙare karatu a Yamai, aikin shara ne. Binciken shara dai, ba riƙon tsintsiya ba. Wata ƙungiya ce ke son sanin abin da mutanen Madawa ke zubarwa a gidajensu, da abin da za a iya sake mora a ciki: leda, gwangwani, roba, ƙarfe, kwalba, da abin da zai koma taki. Sunka ɗauke ni istaj, wato aikin koyo, na wata biyu don sun ga a takarduna a Madawa na yi koleji, na san kartiye-kartiye, unguwannin garin duka. Ƙawayena sunka laƙaba mini madam bola. Ban damu ba. An ba ni riga mai tambari, an ba ni ɗaki mai bantilo, wato fanka, a masaukin ƙungiyar, ni dai ina jin na zama wata.

Aikin ba wuya a baki. Kowane gida a ba shi buhu mai lamba. Kwana bakwai, duk abin da anka share ko za a jefar, a zuba a ciki. Ranar ta takwas amalanken jaki ya bi ya kwaso, a kai wani fili mai katanga a bakin gari, a juye kan bash, tamfol ɗin da anka shimfiɗa, mata su rarrabe, mu kuma mu auna mu rubuta. Shef ɗinmu, shugaban aikin, mutumin Tawa ne, ba ya son surutu, amma magana ɗaya ya maimaita mana har ta ishe mu: lamba za a sa, ba suna ba, don shara ba ta iya riƙe sirri.

Gida talatin anka ba ni in samo. Na ɗauka kwana ɗaya zan gama. Ina. Wani tsoho ya tambaye ni ko wurin boka za mu kai sharar gidansa. Wani ya ce sharar tasa takin gonarsa ce, in muna so mu auna sai mu maido masa har gona, kuma da gaske yake, sai da munka yi masa alkawari. Wata ta karɓi buhun ta yi godiya, washegari na gan shi an ɗinke bakinsa an cika da wake. Kwana uku ina yawo cikin caɓi, don tsakiyar damina ce, hatsi bai nuna ba, kuma saura gida ɗaya lis ɗina na gidaje ya cika. Shef yana jira. Sai na tuna da Gwaggo.

Haka na ce, na tuna da ita. Yayar babana ce. A gidanta na yi shekara huɗu ina koleji, don ƙauyenmu can wajen Bangi ba mu da shi a lokacin. Ita ke ɗuma mini tuwo da safe, ita ke tsefe mini kai ranar Lahadi tana zagina kan ƙazanta. Mijinta ya rasu tun ina aji biyu. Ƴaƴanta mata biyu sun yi aure, ɗaya a Azarori, ɗaya can nesa. Ɗanta namiji ya tafi cin rani Libiya, kuma wayarsa ta daina shiga tun bara. Duk na san wannan. Kwanana tara a Madawa, tsakanin masaukinmu da gidanta tafiyar minti goma ce a kabu-kabu, ban je ba. Kullum sai in ce gobe, in na samu abin riƙewa a hannu.

Ranar da na je, buhu ne a hannuna. Na ce wa mai kabu-kabu ya jira ni a ƙofa, kada ma ya kashe.

Na iske ta a rumfa tana saƙar tabarma, kaba a jiƙe cikin tasa gefenta. Ta rame, amma na ce a raina tsufa ne. Ta tashi ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta ce na yi fari, Yamai ta karɓe ni. Ta ɗebo mini ruwa a randa. Na sha a tsugune, ko takalmi ban cire ba. Ta saurari ƙarar babur a waje, ta dube ni.

«Ke ko ɗibar wuta kinka zo?»

Na yi dariya, na ce aiki ne Gwaggo, zan dawo in wuni. Na yi mata bayanin buhu da sauri-sauri, kamar yadda na yi wa gida ashirin da tara. Ta ce ita mi gare ta na zubarwa. Na ce duk abin da ta share dai. Ta tambaye ni wa zai buɗe buhun. Na ce matan nan ne na kartiye, mun ɗauki takwas, har da Inna maƙwabciyarta ta bayan katanga. Ta sake tambaya, wato a gabansu za a juye. Na ce i, amma lamba ce kawai a jiki, ba wanda zai san na wane ne. Na rantse mata ma. Na ɗauki maka, babban alƙalami, na rubuta sha bakwai a jikin buhun, don lambar da ta yi saura ke nan, ta wani gida da ya fasa.

Da zan fita idona ya faɗa kan murhunta na tsakar gida. Ciyawa ta tsiro tsakanin duwatsun nan uku, kore shar, har ta kai tsawon yatsa. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Na ce a raina saboda ruwan sama ne, ta maida girki cikin ɗaki. Kuma ba ta ce in tsaya in ci wani abu ba, ita da a da ba ka fita gidanta da baki busasshe. Ni kuwa daɗi na ji, don babur na jira.

Ranar rarrabewa ta zo. Wanda bai taɓa tsayawa kan sharar mako guda ta damina ba, ba zan iya kwatanta masa warin ba. Mun sa takunkumi, mun sa safar hannu, matan sunka zauna kewaye da bash kowa da bokitai. Da farko suna ƙyama, kafin hantsi ya ɗaga sun maida wurin dandali. Ana juye buhu sai ka ji wata ta ce wanga gidan amarya na, dubi kwalaben turare. Wata ta ɗaga ƙashin kaza ta ce a gaida alhaji. Ashe lambar nan da muke taƙama da ita, mu kaɗai take rufe wa ido. Su da ganin tsumma sun san zanen wa aka yaga. Amma akwai buhunan da in an juye sai hira ta mutu, hannu ya ƙara sauri, kafin ka ƙifta an share bash an jawo na gaba. Lokacin ban lura da wannan ba. Daga baya ne, da nake ta juya ranar a kaina.

Abin da munka gano ya ba ni mamaki. Ni na zo da tunanin leda ce za ta cika ma'auni, tunda ita ke rataye a kowace ƙaya a gari. Ashe leda ido kawai take cikawa, ba ta da nauyi. Abin da ke karya bayan jaki yashi ne da toka da kashin awaki, wato dai takin da mutumin nan ya ce a maido masa. Gwangwani kaɗan ne, don mutane ba su yar da shi: wannan ya zama ma'aunin gishiri, wancan na ɗibar ruwa a bayi. Bido, jarkar roba, ba ka ganinsa ko ɗaya. Ƙarfe masu saye sun riga mu. Shef ya tsaya yana kallon tulin, ya ce mun zo koya wa mutane abin da kakanninsu ke yi.

Ni kuwa kai ya fara kumbura. Na fara iya karanta buhu. In na ga tulin ɓawon albasa da toka mai yawa in ce gidan nan ana tuyar sayarwa. In na ga ledar magani in ce akwai marar lafiya. Sau biyu shef ya ce ina da ido. Sau biyu kawai, amma ya ishe ni.

Wajen sha ɗaya anka jawo wani buhu da hannu ɗaya. Ba nauyi. Anka juye, sai ƙara, kwararam. Gwangwanin sardin uku, na tumatir, babban gwangwanin madara, ledojin makaroni, takardun shayi, ƴan guntayen kaba. Hira ta mutu, hannuwa sunka miƙo da sauri. Ni na ce su dakata.

Na tsuguna ina juyawa da sanda. Gwangwanin sardin ɗaya ya yi tsatsa, tsatsar da ba ta mako guda ba ce. Ledojin makaronin kowace da kalarta, ɗaya rana ta cinye rubutunta. Babu ɓawon albasa, a Madawa fa, inda ko buhun wanda ba shi da komi sai ka sami ɓawon albasa. Babu gawayi, babu tsinken ashana. Babu toka ko cikin cokali.

Da shef muna magana da Faransanci ne kullum, duk abin da ya shafi aiki. In da na yi haka ranar nan, da maganar ta tsaya tsakanina da shi. Amma tun safe matan ke ba da dariya ni ina gefe da kaye, littafin da nake rubutu, ina son ni ma in jefa tawa. Sai na ɗaga murya da Hausa.

«Ku zo ku ga gidan da ke dafa makaroni babu wuta.»

Shef ya matso ya duba. Ya ce a hankali, da Faransanci, wataƙila da gaz suke girki. Ƙofa ce ya buɗe mini, yanzu na sani. Ni na rufe ta da ƙafa. Na ce gaz a wannan kartiye? Na ce ko da gaz ne ina ɓawon albasa? Na ɗaga gwangwanin mai tsatsa sama yadda kowa zai gani, na ce wannan aro ne, sharar aro ce aka cika mana buhu da ita, gidan nan an yi mako ko fiye ba a ɗora tukunya ba.

Wata ƙaramar cikinsu ta fara dariya, ta haɗiye. Ba wadda ta ɗago kai.

Shef ya ce in duba wane gida ne, a cire shi daga lissafi. Na ciro waya, na buɗe lis. Ina da wata ɗabi'a tun lakwal, ina ƴar makaranta, ba na iya karatu da ido kaɗai sai bakina ya bi. Sha biyar, sha shida. Sha bakwai, bayan rijiya, ƙofar langa-langa shuɗiya, mai saƙar tabar...

Nan na tsaya. A gaban wannan na rubuta kalma ɗaya, Gwaggo.

Inna ce ta fara motsi. Babbar mace ce, ta kusa sa'ar Gwaggo, ita ke kitsa ni ranar salla lokacin ina koleji. Ta zare safar hannunta ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye kan gwiwa. Ba ta ɗaga murya ba.

«Ɗiyata, gwangwanayen nan nawa na. In aunawa za ki yi, sa su ga lambata.»

Shef ya ce a je hutu, alhali lokaci bai yi ba.

Na bi Inna gindin iccen bedi. Na ce mata ban sani ba. Ta ce ta san ban sani ba, ai da zuwa ake sani. Sannan ta ba ni labari tana kallon ƙasa. Hatsin Gwaggo ya ƙare tun kafin ruwan farko. Tabarma ba ta fita da damina, kowa abin da zai ci yake nema. Ta hana a gaya wa ƴaƴanta, ta ce su ma suna gidajen mutane. Ta hana a gaya wa babana. To sai maƙwabta sunka yi abin da aka saba. Kullum da rana Inna na miƙa kwano ta kan katanga ta ce a ɗanɗana mata, kamar gishiri ya yi yawa. Wata ta aiko da fura ta ce an dama da yawa za ta yi tsami. Gwaggo ta karɓa ta ce gishirin ya yi daidai, in an kwana biyu ta maido kwanon da ɗan faifai sabo a kai. Wata uku ke nan ana haka.

Da na kai mata buhu, kwana biyu tana kallonsa. Sai ta leƙa ta katanga ta ce wa Inna yarinyar nan za ta juye asirinta a gaban mutane. Su biyu sunka zauna sunka yi shawara. Inna ta kawo gwangwanaye da ledojin gidanta, ta bi gida biyu ta ce jikokinta ke son gwangwani na wasa.

«Mun tuna da sardin, mun tuna da madara,» in ji Inna. «Toka ce munka manta. Wa ke tuna toka?»

Na ce to ai ashe kowa ya sani. Na faɗi haka ne don in sami wurin tsayawa. Ta dube ni karo na farko.

«Kowa ya sani. Ba wanda ya hwaɗa, sai ke.»

Na roƙe ta ta ce wa matan kada maganar ta fita. Ta ce mata takwas, da mai amalanke, da mai gadi? Ta ce ba mugunta za su yi ba, tausayi za su yi, kuma shi ne ya fi ciwo.

Abin da na yi bayan nan, har yau in na tuna sai in ji kamar in rufe fuska. Muna tashi aiki na wuce kasuwa. Na sayi buhun shinkafa da bidon mai, na sa anka ɗaure bayan kabu-kabu, ni na hau wani, munka shiga kartiye bayan la'asar, daidai lokacin da kowa ke zaune ƙofar gida. Ina jin idanu na bin buhun, ni kuma a raina ina cewa su gani, su san tana da mutane.

Ƙarar babur biyu ta fito da ita. Ta tsaya bakin ƙofa da mayafi, ta dubi buhun, ta dubi layin, ta dube ni. Daga fuskarta na san labari ya riga ni. Mai kabu-kabu ya fara kwance igiya, ta ɗaga masa hannu.

«Kin hwaɗa da baki, yanzu kuma za ki hwaɗa da buhu?»

Ta ce wa mutumin, cikin ladabi, ya maida kaya inda ya ɗauko, an yi ɓatan gida. Ta tambaye ni ko na yi salla. Na ce a'a. Ta ce to in hanzarta, rana na tahiya. Ta ja ƙofa.

Shinkafar a ɗakina ta kwana, gefen katifa, ina kallonta.

Kwana uku bayan nan, muna kan bash, Inna ta matso kusa da ni kamar za ta zuba leda a bokiti. Ta ce kwanonta ya dawo jiya a rufe yadda ta miƙa shi. Shekaranjiya ma haka. Mai fura ma an maido mata. Gwaggo ta ce ta gode, ta ƙoshi. A da ɗanɗanon gishiri ne, yanzu da na ba abin suna ya zama sadaka, kuma ba za ta ci sadaka a kartiyen da ta aurar da ƴaƴa biyu ba.

Wato kafin in zo tana cin sau ɗaya a wuni. Da na zo da karatuna, ta koma ba ta ci sam.

Na ciro waya zan kira babana. Har na danna, na kashe. In ya ji, kafin magariba dangi duka sun ji, daga Bangi har Buza, kuma ni ce dai na sake faɗa. Na koma wurin Inna na ce ta gaya mini abin da zan yi, ko mi ne ne. Ta ce ni da na yi lakwal har Yamai? Na ce Inna don Allah. Ta bar ni na ɗan tsaya a rana tukuna.

«Irinta ba a ba ta,» ta ce. «Roƙonta a kai.»

Washegari da rana na tattara kayana a sak. Ƙarƙashin tufafi na sa hatsi tiya biyu a leda, da kuka, da daddawa, da albasa. Shinkafar na bar wa mai gadin masauki. Na sauka kabu-kabu tun bakin titi na ƙarasa da ƙafa. Na yi sallama sau uku kafin ta amsa.

Tana zaune a rumfa, tabarmar na gabanta amma hannunta ba ya kanta. Na cire takalmi, na zauna a ƙasa. Na ce Gwaggo abincin masaukinmu ya lalata mini ciki, mai ya yi yawa, kwana uku ina zarya. Na ce ban iya tuƙa tuwo ba har yanzu, ta sani. Na ce ta taimake ni in dawo ɗakina na da, ta riƙa yi mini ko sau ɗaya a wuni, kafin istaj ya ƙare in mutu a garin mutane.

Ta daɗe tana kallona. Ta san ƙarya nake, na san ta sani.

«Mai karatun shara ba ta iya tuwo ba?»

Na ce ban iya ba.

Ta ce ɗakin akwai ɗigo ta kusurwar gabas, in ja katifa gefe. Na shiga na buɗe sak, na fito da ledojin na ajiye bakin randa ban ce komi ba, ita ma ba ta duba ba. Wata mai icce ta wuce tana talla, na tsaida ta na sayi ƙulli ɗaya, kamar yadda kowane gida ke yi. Gwaggo ta tashi, sai da ta dafa ginshiƙin rumfa. Ta je murhu ta tsuguna, ta cire ciyawar nan da hannunta, ɗaya ɗaya, ta jefar. Na ce in kawo ashana daga shago. Ta miƙo mini wani tsingaro.

«Tahi gidan Innarki ki ɗebo wuta. Shi dai kin iya.»

Na zagaya da tsingaro a hannu. Inna na ganina ta gane. Ba ta tambaye ni komi ba, ta tona murhunta ta zuba mini garwashi uku, ta ce in bi a hankali akwai iska.

Mako biyar na yi a gidan. Tana tuƙa tuwo, ta zuba mini, ta zauna ta ba ni baya ta ci nata. Ta zage ni kan wanki, ta zage ni kan waya, ta ce wannan abin zai cinye mini ido. Maganar ranar rarrabewa ba ta taɓa fitowa ba. Sau ɗaya na fara, na ce Gwaggo ranar nan, sai ta ce in miƙo mata muciya. Amma na lura da abubuwa, tunda yanzu na koyi lura. Ba ta zuwa rijiya sai rana ta take, lokacin da ba kowa. An yi suna gida na uku, ba ta je ba, ta ce gwiwa. Ita da Inna suna gaisawa ta katanga, lahiya lau, lahiya lau, amma kwano bai sake haurawa ba, ko daga nan ko daga can.

Ranar da na cika mako a gidan, zan fita aiki, na ga buhu jingine bakin ƙofa. Mai lamba sha bakwai ne, Inna ta maido mata. An cika shi kusan rabi da toka da ɓawon albasa da sharar tsakar gida, an ɗaure baki da kaba.

«Ga kayanki,» ta ce. «Je ki auna.»

Ban iya gaya mata an riga an cire gidanta ba. A rapor ɗinmu, rahoton aikin, akwai layi ɗaya da ke cewa an fitar da gida guda saboda abin da aka samu a buhunsa ba abin dogaro ba ne. Ni na rubuta layin, da Faransanci mai kyau, shef bai gyara ko waƙafi ba. Na ɗauki buhun na kai fili, na ɗora a ma'auni ni kaɗai, na ga nauyin, ban rubuta ko'ina ba. Na juye shi cikin tulin da za a kai gona.

Istaj ya ƙare daidai an fara yankan hatsi. Na koma Yamai. Bayan wata biyu Inna ta sa anka yi mini bokal, saƙon murya, a waya: Gwaggo ta kulle gida ta koma wurin ɗiyarta a Azarori. Ta ce wa mutane gwiwa ce, da ɗigon ɗaki. Tun tana amarya take wannan kartiye, nan ta haihu, nan anka ɗauki gawar mijinta. Inna ba ta ce laifina ne ba. Ta ce dai yanzu in miyarta ta yi gishiri ba ta da mai gaya mata.

Ina kiran Gwaggo ta wayar ɗiyarta, ranar Juma'a galibi. Abin da nake aikawa ta hannun ɗiyar yake bi, da sunan kuɗin tabarmar da nake cewa abokan aikina na so. Tabarmi bakwai ke naɗe bayan ƙofata yanzu. Muna gaisawa, ta tambaye ni ko ina cin abinci, ko na koyi tuwo. Ban taɓa samun bakin ba ta haƙuri ba, don ba da haƙurin ma sake faɗa ne.

Ƙungiyar ta riƙe ni aiki. Watan jiya na gaya wa Gwaggo za a tura mu Keita, irin wancan aikin dai.

«Har yanzu tokar mutane kike aunawa?»

Na ce i, Gwaggo.

«To in za ki hwaɗa, ki riƙa yi da nasaranci, ba da Hausa ba.»

Na ce to. Ta ce a gaida mutanen Yamai, ta miƙa wa ɗiyarta wayar.

Da na ajiye na tashi in fitar da sharar ɗakina, don ranar masu kwasa ce. Na buɗe ledar na duba, abin ya zame mini jiki. Gwangwanin sardin biyu, ledar makaroni, takardun shayi. Da gaz nake girki. Na ɗaure bakin ledar na kai ƙofa.